Ramin Ƙirji: Bayan Tiyata, Ana Gamsuwa Kuwa?

A shekararmu ta farko akwai wani ɗan ɗakinmu da ko zafin watan Afrilu ba ya sa shi cire riga. In za a buga ƙwallo aka ce ɓangare ɗaya su tuɓe, sai ya ce shi gola zai tsaya. Mun daɗe muna tsokanarsa kafin wata rana ya nuna min dalili: tsakiyar ƙirjinsa ta lotsa ciki kamar kwanon da aka taka.

Likitoci na kiran wannan pectus excavatum. Guringuntsin da ke haɗa haƙarƙari da ƙashin ƙirji ne ke girma ba daidai ba, sai ya tura ƙashin ciki. Ya fi samun maza, kuma yakan ƙara zurfi lokacin balaga. In ya yi tsanani yana matse zuciya, ɗan gudu kaɗan sai haki.

Manyan hanyoyin gyara biyu ne. Ta Mark Ravitch, tun 1949, tsaga ƙirji ake yi a cire guringuntsin da ya karkace. Ta Donald Nuss, wadda ya fara a 1987 a Amurka, ɗan yanka ake yi a gefe da gefe, a zura lanƙwasasshen ƙarfe ta bayan ƙashin, a juya shi ya banƙaro ƙirjin waje. Ƙarfen zai zauna shekara 2 zuwa 4 kafin a cire.

To, ana jin daɗin sakamakon? Ya danganta da ranar da ka yi tambayar. Ka tambayi mutum a makon farko, ƙila ya ce da ya sani bai yi ba. Ciwon ba wasa ba ne, ƙashi ne fa aka tilasta wa sauya zama, tari ma aiki ne. Ga dokar hana ɗaukar kaya da murɗa jiki na tsawon makonni. Wani ƙarfen ya goce a koma ɗakin tiyata, wani ramin ya ɗan dawo bayan cirewa.

Amma bayan watanni, akasarin waɗanda aka tambaya kan ce sun gamsu. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, gwajin huhu ba ya nuna wani babban canji a wajen da yawansu, duk da suna cewa sun fi jure motsa jiki. Abin da suka fi ambata shi ne kunyar da ta tafi: sun miƙe kafaɗa, sun shiga ruwa da abokai. Shi ya sa ban yarda da masu cewa "ai kwalliya ce kawai" ba. Wanda kuma ya shiga da tunanin zai fito ba tabo, ƙirji sumul, shi ya fi saurin ƙorafi.

Abokin nawa dai bai yi tiyata ba. Ya je an duba zuciyarsa, an ce lafiya lau. Har yanzu gola yake tsayawa.