Shin Ko Kun San? Farautar Yara 'Yan Baiwa a Football Manager

Shin ko kun san cewa wasan kwamfutar da ke hana miliyoyin masoya ƙwallo barci a ɗakin kwana aka haife shi? Wasu 'yan'uwa biyu ne, Paul da Oliver Collyer, suka rubuta shi a gidan iyayensu da ke yankin Shropshire a Ingila, ya fito kasuwa a 1992 da sunan Championship Manager. A 2003 kamfaninsu, Sports Interactive, ya raba gari da Eidos mai buga wasan. Eidos ya tafi da suna, su kuma suka riƙe rumbun bayanan 'yan wasa da injin wasan, suka haɗa kai da Sega, suka fitar da Football Manager 2005. Cikin 'yan shekaru aka gane wanda ya tafi da kaso mai tsoka, domin jama'a bayanan suka bi.

Shin ko kun san cewa a wannan wasa ba ka taɓa ƙwallo ko sau ɗaya? Kai koci ne. Kai ke sayen 'yan wasa, ka tsara atisaye, ka fitar da sha ɗayan farko, ka amsa tambayoyin 'yan jarida, in ka yi ta shan kashi a sallame ka. Daɗin da ya fi kowane daɗi a cikinsa kuwa shi ne ka tsinto yaro ɗan shekara 16 a wata ƙungiya da ba wanda ya san da zamanta, ka saye shi da kuɗi kaɗan, ka raine shi har manyan kulob-kulob na Turai su zo suna layi a ƙofarka.

Shin ko kun san cewa kowane ɗan wasa a ciki yana ɗauke da lambobi biyu da aka ɓoye maka? Ɗaya tana nuna ƙwarewarsa ta yau, ɗayar tana nuna iyakar inda zai iya kaiwa, kuma dukansu daga 1 zuwa 200 ake auna su. Abin da kake gani a allo, kamar gudu, fasin, kai hari, yanke ƙwallo da natsuwa a gaban raga, daga 1 zuwa 20 ne. Yara ƙanana da ba a gama sanin ƙarshensu ba sau da yawa ba a yanke musu lamba guda. Tazara ake ba su, mafi girmanta daga 170 zuwa 200, kuma duk lokacin da ka fara sabon wasa kwamfuta za ta zaɓi lamba ɗaya a tsakani. Shi ya sa yaron da ya zama gwarzon duniya a hannun abokinka zai iya tsayawa a matsakaicin ɗan wasa a naka, ku yi ta musu alhali kowa gaskiya yake faɗa.

Taurarin da masu leƙen 'yan wasa ke liƙa wa yaro su ma suna ruɗin sabon shiga. Da 'yan wasan ƙungiyarka ake gwada su. Mai tauraro 5 a ƙaramar ƙungiya yana iya komawa mai 2 a Real Madrid. Shi kansa mai leƙen yana da nasa maki, daga 1 zuwa 20, na iya gane ƙwarewar yau da na hangen ta gobe, kuma ya fi gani da kyau a ƙasar da ya sani. In ka ɗauki mai arha ka tura shi ƙasar da bai taɓa takawa ba, rahoton da zai kawo maka tamkar sayen akuya ne a cikin duhu.

Shin ko kun san su wa ke rubuta waɗannan lambobi? Mutane ne. Kamfanin yana da masu bincike fiye da 1,000 warwatse a ƙasashen duniya, galibinsu magoya baya ne da ke zuwa kallon wasannin ƙungiyarsu, har da na 'yan ƙasa da shekara 18 da na ƙungiya ta biyu, inda 'yan kallo ba su cika benci ɗaya ba. Su ke aika bayanai a kan dubban ɗaruruwan 'yan wasa da masu horarwa, manyansu su tace. A ganina wannan ne abin da ya fi cancanta mai wasa ya riƙe: lambar da yake rantsuwa da ita hasashen wani bawan Allah ne da ya tsaya a bakin fili ya kalli yaro, ya yi masa kyakkyawan zato.

Wani lokaci zaton yana faɗawa daidai har abin ya ba da mamaki. Alex McLeish, wanda ya horar da Rangers ta Sukotland daga 2001 zuwa 2006, ya ba da labarin yadda ɗansa ya ambata masa wani yaro a Barcelona da ya gani a wasan, tun duniya ba ta san shi ba. Sunan yaron Lionel Messi. A 2008 Everton ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin don ta riƙa duba rumbun bayanansa, a 2014 kuma kamfanin Prozone, mai sayar wa kulob-kulob bayanan 'yan wasa, ya shigar da su cikin kayan aikinsa.

Shin ko kun san cewa wasan ya taɓa sama wa wata ƙasa ɗan wasan gaba? Ben Brereton haifaffen Stoke ne a Ingila, a lokacin yana buga wa Blackburn Rovers. Mai binciken da ke kula da ƙungiyar ya shigar da bayanin cewa mahaifiyarsa 'yar Chile ce. Masu wasan a Chile suka gani, suka tayar da ƙura a shafukan sada zumunta, hukumar ƙwallon ƙasar ta gayyace shi. A 2021 ya buga Copa América da sunan Brereton Díaz, ya kuma ci Bolibiya.

A ƙa'ida, ba a sa yaran gaske da ba su kai shekara 16 ba a cikin Football Manager. Martin Ødegaard ya buga wa babbar ƙungiyar Nowe yana da 15 a 2014, sai da mahaifinsa ya ba da izini aka shigar da shi.

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin maciya ƙwallon da aka fi tsoro a Championship Manager 01/02 bai taɓa wanzuwa ba? Tó Madeira ke nan na ƙungiyar Gouveia a Fotugal. Wani mai bincike ne ya ƙirƙire shi, ya cika shi da maki. Da asiri ya tonu aka goge shi.

Sauran taurarin wancan zamani kuwa mutane ne masu jini a jika, kuma nan ne labarin ke da nauyi. Cherno Samba, haifaffen Banjul a Gambiya, yana yaro a Millwall wasan ya mai da shi mashin ɗin cin ƙwallo. A zahiri Liverpool ta neme shi cinikin ya wargaje, ya bar Millwall ba tare da ya buga wa babbar ƙungiyar wasan lig ba, ya bi ta Cádiz da Plymouth da wasu ƙananan kulob, daga baya ya rubuta littafi ya faɗi irin baƙin cikin da ya shiga. Tonton Zola Moukoko, haifaffen Kinshasa da ya tashi a Suwidin, mutane sun ci kofunan Turai da shi a kwamfuta, amma bai taɓa buga wa babbar ƙungiyar Derby County ba. Maxim Tsigalko na Dinamo Minsk rauni ne ya datse masa ƙwallo tun yana matashi, ya rasu a Disambar 2020 yana da shekara 37. Freddy Adu, haifaffen Tema a Gana, ya sa hannu a D.C. United ta Amurka yana da 14, aka ɗora masa buri da ko babba zai yi nishi a ƙarƙashinsa, ya ƙare yana yawo daga ƙasa zuwa ƙasa. Babu ɗayansu da ba shi da baiwa. Rauni, rashin mai riƙe hannu, kaɗaici a baƙuwar ƙasa da cinikin da aka yi a kansu ba da shawararsu ba, su ne abubuwan da mai bincike ba ya iya gani daga bakin fili.

Shin ko kun san cewa akwai ɗan Kaduna a wannan jeri? Haruna Babangida, ƙanin Tijjani Babangida na Ajax da ya ci zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996. Haruna ya shiga makarantar Barcelona yana yaro, koci Louis van Gaal ya sa shi a wasannin share fagen kaka a 1998 yana da shekara 15, masu Championship Manager kuma suka riƙa rububinsa daga Ingila har Turkiyya. Bai samu gurbi a babbar Barcelona ba. Ya je Ukraine, ya je Olympiacos inda ya ci gasar Girka, ya taka leda a Saifurus da Rasha har Malta. Ni ban yarda a kira wannan faɗuwa ba: yaro ya tashi daga Kaduna ya ci abinci da ƙafarsa shekaru da dama a Turai. Haka Rabi'u Ibrahim ɗan Kano, ɗaya daga cikin yaran da suka ɗauko wa Nijeriya kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a 2007. Sporting ta Lisbon ta ɗauke shi, ya bi ta PSV da Celtic ba tare da ya zauna da gindinsa ba, sai a Slobakiya ya samu natsuwa, ya ci kofuna da Slovan Bratislava.

Wanda ya buga 01/02 ba zai manta Taribo West ba, da ake samu kyauta ba shi da ƙungiya, ko Julius Aghahowa na Shakhtar Donetsk, wanda ya ci Suwidin a gasar duniya ta 2002 amma ya je Wigan bai ga raga ba ko sau ɗaya a Firimiya.

Shin ko kun san cewa wasan da kansa ya koyi wannan darasi? Ban da baiwa, akwai halaye da aka ɓoye: ƙwazon aiki, buri, juriyar matsi, saurin jin rauni, iya sabawa da sabuwar ƙasa. Yaro mai lamba 180 da ba ya son atisaye zai tsufa bai kai 140 ba. Don haka tsofaffin hannu ba sa tsayawa a taurari. Sai sun karanta abin da rahoto ya ce game da halin yaron, sannan su haɗa shi da dattijon ɗan wasa mai tarbiyya ya riƙa jan sa a jiki. Kafin shekara 18 atisaye da nagartar masu horarwa ne suka fi gina shi. Daga nan sai wasa na gaske. In ka tara yara goma ka jibge a benci, ka kashe su da hannunka. Gara ka ba da aro ga ƙungiyar da za ta sa su a fili kowane mako, ka kuma duba filin atisayenta kafin ka sa hannu.

Shin ko kun san cewa dokar FIFA tana aiki a ciki? Ba a ɗauke yaro daga ƙasa zuwa ƙasa sai ya cika 18, in ban da 'yan keɓantattun halaye, kamar tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai inda ake yarda daga 16. Tun Janairun 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar, kulob ɗin Ingila ma sai su jira 18. Kana iya biyan kuɗin yaro yau, ya zauna a gida sai ranar da shekarunsa suka cika. Ahmed Musa ya ɗanɗana wannan a zahiri: ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars, VVV-Venlo ta Holan ta saye shi a 2010, amma sai da ya cika 18 a watan Oktoba ya fara buga mata.

Idan shekaru suka ja a cikin wasan, 'yan wasan gaske suna ritaya, kwamfuta ta riƙa ƙirƙiro sababbi. Sau ɗaya a shekara kowace ƙungiya ke karɓar sabon zubi na yara, a yawancin ƙasashen Turai wajen watan Maris. Ingancinsu ya danganta da kuɗin da ƙungiya ta zuba a neman yara da horar da su, da kuma makin da aka ba ƙasar. Masu wayo sun san ranakun, suna tura 'yan leƙensu Brazil, Ajantina, Kolombiya, Sabiya da Kuroshiya kafin manyan kulob su farga.

A Afirka, sunan da kowane tsohon mai wasa ya haddace shi ne ASEC Mimosas ta Abidjan, kuma da dalili: makarantarta ce ta fitar da Kolo da Yaya Touré, Salomon Kalou, Emmanuel Eboué da Gervinho. Génération Foot ta Senegal ta aika Sadio Mané zuwa Metz. Right to Dream ta Gana ta ɗauki Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima a Accra inda Hausa ke kan harshen kowa, ta kai shi Nordsjælland a Denmak, daga nan Ajax.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, an yi shekara da shekaru gasar Afirka ta Kudu ce kaɗai a nahiyar nan da mutum zai iya jan ragamar ƙungiya a cikinta ba tare da ya ɗora ƙarin fayil ba. Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 har sau 5, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, ba ƙasar da ta kai ta, amma mai son ya horar da Kano Pillars ko Enyimba sai ya nemo fayil ɗin da magoya baya suka haɗa da kansu. Ƙungiyoyin suna cikin rumbun, ana iya sayen 'yan wasansu. Kujerar kocin ce ba a buɗe ba.

Shin ko kun san cewa an taɓa tsallake shekara guda? An soke Football Manager 25 a Fabrairun 2025 bayan an ɗage fitowarsa sau biyu. Wanda ya biyo baya, Football Manager 26, ya fito a Nuwambar 2025, kuma a cikinsa ne aka fara sa ƙwallon mata, 'yan watanni bayan Super Falcons sun doke Maroko da ci 3 da 2 a Rabat sun ɗauki kofin Afirka karo na 10.