Asusun Jami'a Saniyar Tatsa Ce, Ba Ta Yanka Ba

Tun da aka sa hannu a sabbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, duk majalisar da ka zauna tsakanin Daura da Kongolam, in dai akwai malamin makaranta a kan tabarmar, sai zancen TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, ya taso. Wannan ya ce an kashe ta, wancan ya ce tana nan. Ba a kashe ta ba. Daftarin farko ne ya so a riƙa zabge mata kaso har ta bushe a 2030, malaman jami'a suka yi ca, aka gyara. Yanzu harajin ilimi na kashi 3 cikin 100 ya narke cikin harajin raya ƙasa na kashi 4, rabinsa nata ne.

Ni ba nan gizo yake saƙa a wurina ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne amsar da wani ya bayar, mutum mai digiri kuma mai abin hannunsa, da aka ce to ko tsofaffin ɗalibai za su tallafa wa makarantunsu: "Makarantar gwamnati ce, ina ruwana? Ai kullum ana ƙaddamar da gidauniya, ina kuɗin?"

Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma rabin nan shi ne ciwon. Mun saba da bikin ƙaddamarwa: a kafa rumfa, sanƙira ya kama makirufo, Alhaji wane miliyan goma, a yi tafi. Bayan wata shida ba mai tuna wa ya cika alkawari, wa ya sulale. Abin da ya shigo kuwa a yi fenti, a sayi mota, shi ke nan. Wannan ba asusun dindindin ba ne, walima ce.

Asusun dindindin wakafi ne, ba a taɓa uwar kuɗi. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ta Mai'adua ran Lahadi ya san bambancin saniyar yanka da ta tatsa. Ta yanka, yini ɗaya a ci a suɗe hannu. Ta tatsa kuwa kullum da nono, ga maraƙi a kan kari. Haka manomi da irin gero: ko yunwa ta kai ina, ba ya kai shi turmi. Haka mai gidan haya, kuɗin haya yake ci, ba ya cire kwanon rufi ya sayar don cefane. Jami'o'in da suka iya abin suna juya kuɗin ne, su ci kamar kashi 4 zuwa 5 cikin 100 a shekara, sauran ya ci gaba da haihuwa. Da haka asusun Harvard a Amurka ya haura dala biliyan 50. A Ingila kuma, makarantar koyon mulki ta Oxford da kyautar mutum ɗaya, Leonard Blavatnik, ta tashi: fam miliyan 75 a 2010.

Kada a ce masu kuɗinmu marowata ne. Aliko Ɗangote ya gina wa Jami'ar Bayero makarantar kasuwanci ta naira biliyan 1.2, aka miƙa ta a 2018. Abdussamad Rabi'u ya ba Jami'ar Ahmadu Bello biliyan 1 a 2021. Jami'ar Sufuri ta Daura ma, wadda Buhari ya aza harsashinta a Disambar 2019, kyautar kamfanin CCECC na ƙasar Sin ce, ta dala miliyan 50. Sai dai mu gini muka fi so, don gini ana rubuta masa suna a goshi. Gini kuwa baki gare shi: yana cin wuta, yana cin ruwa, yana neman gyara. Wa zai ciyar da shi?

A nan ofishin tsofaffin ɗalibai yake shigowa, ofishin da a wurare da yawa aka mayar wurin ajiye wanda aka rasa inda za a kai shi. Aikinsa ba roƙo ba ne. Rajista ce: wa ya gama, a wace shekara, yana ina, me yake yi. Ka gaishe shi tun yana ƙaramin ma'aikaci, ka gayyace shi ya yi wa ɗalibai magana, in ya ba da dubu biyar ka ba shi rasit, ƙarshen shekara ka nuna masa inda ta shiga. Wanda ba ka je masa suna ba, da wace fuska za ka kai masa katin gudummawa? Dubi Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya, wadda tun zamanin En'e take yaye akawuna, alƙalai da manyan sakatarori. Dubi tsofaffin ɗaliban Kwalejin Barewa da na makarantar Kuru. Mutane ba su yi mana kaɗan ba.

Makarantun Daura sun yi sa'a ɗaya: sababbi ne. Jami'ar Sufuri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ɗalibansu ba su watsu duniya ba tukuna, har yanzu ana iya ƙirga su da suna. Yaron Kongolam da zai karɓi takardarsa bana, a karɓi lambar wayarsa da sunan unguwarsu kafin ya fita ƙofa. Kuɗin hakan bai kai na hayar rumfa ba.