Ba A Kare Addini Da Ƙarya: Gaskiyar Labarin Fim Ɗin Bruce Almighty

Sau uku ke nan cikin wata biyu ana turo mini saƙon nan. Na farko a zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan ajinmu, na biyu daga wani abokin aiki, na uku kuwa, wanda ya sa na kasa yin shiru, daga gwaggona ne, baiwar Allah da ba ta taɓa leƙa gidan kallo ba a rayuwarta. Murya ce ta wani mutum yana magana kamar zai fashe da kuka, an haɗa ta da guntun bidiyo na minti biyu. Cewa yake Turawa sun yi fim sun siffanta Ubangiji, kuma mako guda da gama ɗauka wanda ya fito a wannan matsayi ya faɗi ya mutu, gawarsa ta ƙi binnuwa, abokin wasansa ya haukace yana yawo a bola, kamfanin ya karye. A ƙarshe ya rufe da cewa duk mai kishin addini ya tura wa mutum goma.

Na kira ta na ce, "Gwaggo, barka da hutawa. Wa ya ba ki wannan labari?" Ta ce, "Ɗan nan, a zauren islamiyyarmu aka saka. Ashe haka duniya ta lalace?" Na ce mata duniya kam ta lalace, amma wannan labarin ƙarya ne tun daga kansa har ƙafarsa.

Fim ɗin sunansa Bruce Almighty, na barkwanci ne, kamfanin Universal ya sake shi a Amurka a watan Mayun 2003, Tom Shadyac ya ba da umarni. Jim Carrey ya fito a matsayin Bruce Nolan, ɗan rahoton talabijin a birnin Buffalo na jihar New York, mutum mai yawan ƙorafi, wanda aka ba abokin hamayyarsa kujerar karanta labarai da yake kwaɗayi, shi kuma ya ɗora wa Mahalicci laifin duk abin da ya same shi. Sai aka nuno Morgan Freeman, dattijo cikin fararen kaya, wai shi ne Ubangiji, wa'iyazu billahi, ya ce wa Bruce tunda yana ganin ya fi iyawa, ga ikon nan ya gwada. Sauran labarin duk ɓarnar da ya tafka ne da wannan iko.

Kada wani ya karanta rabi ya ce ina kare fim ɗin. A wurin Musulmi maganar a rufe take: Allah ba ya kama da komai, babu abin da ke kama da shi, kuma sanya wa ɗan Adam riga a ce shi ne Mahalicci ɓata ne, ko da wasa, ko da kyakkyawar niyya. Hukumar tace fina-finai ta Masar ta hana nuna shi saboda wannan dalili. Ban da ja a nan. Abin da ya dame ni shi ne tulin ƙaryar da aka lulluɓe wannan gaskiya da ita.

Mu fara da wanda aka ce ya mutu. An haifi Morgan Freeman a 1937. Bayan fim ɗin da shekara biyu, a 2005, ya karɓi kyautar Oscar saboda rawar da ya taka a Million Dollar Baby. A 2007 ya sake fitowa a wannan matsayi dai a Evan Almighty. A 2009 ya fito a matsayin Nelson Mandela a Invictus. Wanda duk ya kalli bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Katar ranar 20 ga Nuwamban 2022 ya gan shi da idonsa a filin wasa na Al Bayt, yana zantawa da matashin nan Ghanim Al-Muftah. Kusan shekara ashirin ke nan bayan ranar da aka ce gawarsa ta ƙi binnuwa. Abin takaici, cikin waɗanda suka tura mini saƙon akwai mayun ƙwallo da na tabbata sun kalli bikin nan kai tsaye.

Na ji wasu sun sauya salo, sun ce to bai mutu ba, amma hannunsa ya shanye, shi ya sa yake sa safa. Gaskiya ne yana sa safar hannu a hagu. Dalili kuwa haɗarin mota ne da ya yi a jihar Mississippi a watan Agustan 2008, jijiyoyin hannun suka taɓu. Shekara biyar ke nan bayan fim ɗin. Mutum nawa ne a unguwarku, masu salla a sahun gaba, suka yi haɗari a hanyar Kano zuwa Zariya suka rasa hannu ko ƙafa? Wane fim suka yi? In har kowane haɗari azaba ce, to me za mu ce da bayin Allah da ke kwance a asibitin ƙashi na Dala?

Jim Carrey da aka ce yana yawo a bola, ɗan asalin Kanada ne, an haife shi a 1962. Shekara guda bayan Bruce Almighty ya fito a Eternal Sunshine of the Spotless Mind, wanda masu sharhi ke sawa cikin mafi kyawun ayyukansa. Yaran gidanku ma sun san fuskarsa, domin shi ne mugun likita mai dogon gashin baki a fina-finan Sonic na 2020 da 2022 da 2024. Steve Carell, wanda ya fito a abokin hamayyar Bruce, wannan fim ne ya buɗe masa ƙofar shahara. Batun karyewar kamfani kuwa abin dariya ne. An kashe kimanin dala miliyan 81 wajen shirya fim ɗin, ya tara sama da dala miliyan 480 a duniya, ya shiga sahun fina-finai biyar da suka fi kawo kuɗi a 2003. Wanda ya yi asara shi ne na biyun, Evan Almighty, da aka narka masa kusan dala miliyan 175, abin da ya dawo bai ma rufe kuɗin ɗauka da na talla ba. Da mai saƙon ya yi bincike na minti biyar, da ya sami gaskiyar da zai riƙe. Ya zaɓi ƙirƙira.

Indiya ma sun kwaikwayi labarin a 2008 da sunan God Tussi Great Ho, Salman Khan da Priyanka Chopra suka ja fim ɗin, Amitabh Bachchan ya hau matsayin Freeman. Mu da muka tashi da kallon Indiya ba ma buƙatar a gaya mana shekara nawa Amitabh ya ƙara yana fitowa bayan haka.

To, shin tsawon ransu da yawan kuɗinsu na nufin abin da suka yi daidai ne? Ko kusa. Malamanmu sun karantar da mu cewa Allah yana jinkirta wa wanda ya ga dama, akwai istidraji, kuma ranar sakamako daban take da ranar aiki. Duniya ba ma'auni ba ce. Mai ƙirƙiro labarin mutuwar gaggawa, ko ya sani ko bai sani ba, yana koya wa mutane cewa in ba a ga azaba nan take ba to babu laifi. Ka duba abin da zai biyo baya. Yaro ɗan sakandare ya ji saƙon a wayar mahaifiyarsa, ya shiga intanet, cikin daƙiƙa talatin ya ga mutumin da aka ce ya ruɓe yana murmushi a Katar. Me zai ɗauka? Zai fara da shakkar saƙon, gobe ya yi shakkar malamin da ya tura, jibi ya fara tambayar sauran abin da aka gaya masa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma idan ya rufta, da amanar yaro yake ruftawa. Wa ya ba ka izinin yi wa Allah ƙarya don ka kare shi? Shi ya ce maka yana da buƙata?

Ga kuma wautar da ta fi ci mini rai. Fim ɗin nan ya haura shekara ashirin, ƙura ta rufe shi, yawancin matasanmu ba su taɓa jin sunansa ba. Masu saƙon su ne suka yanko daidai wurin da ake siffanta Mahalicci, suka kai shi wayar gwaggona, suka kai zauren islamiyya, suka ce a tura wa mutum goma. Talla kyauta, wadda kamfanin bai biya ko sisi ba. Garin gyaran gira an rasa ido.

Akwai ɗaya ɓangaren, masu cewa ai wasa ne, kuma akwai darasi a ciki. Darasin yana nan, ban musa ba. Bruce ya jawo farin wata kusa don ya burge budurwarsa, igiyar ruwa ta afka wa Japan. Addu'o'in mutane suka ishe shi, ya mayar da su saƙon kwamfuta ya amsa duka da e, dubban mutane suka ci caca ɗaya a rana ɗaya, kowa ya tashi da dala 17, gari ya hargitse. Ma'ana ɗan Adam bai san abin da ya fi masa alheri ba, kuma ba zai iya riƙe ko unguwa ɗaya ba. Amma wannan ai tun muna allo aka gaya mana, ba tare da an sa wa wani dattijo farin kwat ba. Hoto kuma yana da naci. A fim ɗin an nuna wata lambar waya a matsayin ta Ubangiji, sai aka yi rashin sa'a lambar ta dace da ta mutane na gaske a garuruwa daban-daban na Amurka, aka dinga kiransu ana neman magana da Allah, har sai da aka sauya lambar a faifan da aka fitar daga baya. Waɗannan manya ne. Ina ga yaro ɗan shekara shida, da za ka ce masa ya ɗaga hannu ya yi addu'a, fuskar wani ɗan wasa ta faɗo masa a rai? 

Saboda haka ga abin da nake roƙo. In saƙo irin wannan ya zo maka, ka dakata kafin yatsanka ya taɓa alamar turawa. Ka rubuta sunan mutumin da aka ce ya mutu a Google, ka duba ko BBC Hausa ko wata kafa da ka yarda da ita ta kawo labarin. Mutuwar shahararren ɗan wasa ba ta ɓoyuwa. Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, kuma umarnin bai ware labarin da ya yi mana daɗi ba. Duk saƙon da ya ƙare da sharaɗin tura wa mutum kaza, ko barazanar abin da zai sami wanda bai tura ba, ka ɗauke shi abin tuhuma tun kafin ka saurara.

In ka gano ƙarya ce, kada ka yi shiru don kunya. Ka bi wanda ya turo ta bayan fage, cikin ladabi, musamman in babba ne. Ka ce, "Baba, na bincika, mutumin nan yana raye, ga shaida." Kada ka kunyata shi a zaure, don wanda aka tozarta ba ya karɓar gyara. In kai ne ka riga ka tura, ka koma duk inda ka kai shi ka janye, ka faɗi cewa ka yi kuskure. Masu kula da zaurukan islamiyya da na dangi, nauyi ya fi yawa a kanku: ku goge irin wannan da zarar ya shigo, ku kafa doka cewa ba a saka labari sai da madogara. In kana son gargaɗin mutane kan fim, ka faɗi sunansa da abin da ya ƙunsa da baki, kada ka haɗa da bidiyon. Ba a nuna wa mutum ƙazanta don a tabbatar masa tana wari.

Iyaye kuma, ku san abin da ke cikin wayar da kuke miƙa wa yara don su bar ku ku huta. Yaro ya kai memori shagon masu tura fina-finai, a cika masa da duk abin da ke kwamfuta, a ce na dariya ne, ke uwa kina kicin ba ki san me ake kallo ba. Hukumar tace fina-finai ta Kano, da aka kafa tun 2001, ba za ta shigo ɗakinki ta duba wayar ɗanki ba. Ki zauna ki kalli minti goman farko tare da shi. In fassararre ne ki ƙara sa kunne, domin jin abu da Hausa yana sa yaro ya ɗauka na gida ne. Masu shagunan turawa da masu fassara, ku ji tsoron Allah, ba kowane fim da ya yi kasuwa a waje ya cancanci ku sa masa muryarku ba. In kuwa yaro ya riga ya gani, duka da tsawa ba za su goge hoton ba. Ka zaunar da shi ka ce wannan mutum ne kamar kakanka, yana cin abinci, yana ciwo, an biya shi kuɗi ya yi wasa, Allah kuwa ba ya kama da kowa. Ka karanta masa Ƙulhuwallahu ka fassara masa da Hausa.

Malamai masu wa'azi, ku ma a taimaka. Hujjar haramcin siffanta Allah tana da ƙarfin da ba ta neman tallafin gawar da ta ƙi binnuwa.

Gwaggona dai ta koma zaurensu ta ce a goge, ta kuma nemi afuwar waɗanda ta tura wa. Tsohuwa mai shekara saba'in ta iya wannan. Kai da ke riƙe da babbar waya da digiri, me zai hana ka?