Kafin ka manna tayil a bangon jibsam

Ka sha ganin bidiyon a TikTok: an raba ɗaki da allon jibsam, an fitar da banɗaki ko ɗan kicin, an manna tayil, cikin daƙiƙa 30 wuri ya koma kamar otal. Abin da ba sa nuna maka shi ne bangon bayan an yi wata shida ana wanka.

Allon nan fa ba bulo ba ne. Garin jibsam ne aka matse tsakanin takardu biyu, kuma takardar ce ke riƙe da tayil ɗinka. Shi kuwa tayil ba ya tare ruwa gaba ɗaya, ta layukan da ke tsakani yake ratsawa a hankali. Da ya isa ciki allo ya yi laushi, takarda ta saki, tayil ya biyo ta.

Don haka idan mai sa tayil ya zo ya jiƙa su a baho, ya fara kwaɓa siminti da yashi kamar yadda ya saba a bangon bulo, ka dakatar da shi. Ba raina sana'arsa ba ne, wannan bangon ne ba ya ɗaukar kwaɓin. Gam ɗin tayil ake sawa, a shimfiɗa shi da cokali mai haƙora ya game ko'ina. Ɗigo biyar a bayan tayil ha'inci ne, rami kawai aka bar wa ruwa.

Sai batun nauyi, wanda kusan ba mai tambaya. A ƙa'idar da ake bi a Birtaniya, allo tsirara yana ɗaukar kilo 32 a kowace murabba'in mita, haɗe da gam. Idan an riga an shafe shi da filastar jibsam, ya dawo kilo 20. Ka ga ke nan gyaran fuskar da ka biya kuɗi aka yi, ƙarfin bangon ya rage maka. Manyan tayil masu kaurin milimita 10 su kaɗai kan kai kilo 20, tun ba a sa gam ba. Duba kwali, ko ka ɗora ɗaya a sikeli.

Kafin komai, tura bangon da tafin hannu. In ya motsa, ba a shirya ba. Allon ya kai milimita 12, ƙarafan da ke bayansa kada tazararsu ta wuce santimita 40. A liƙe mahaɗa da tef, a share ƙura, a shafa ruwan share fage irin wanda mai gam ya rubuta a jikin buhu. Farin gam na kafintoci kuwa, bar shi wa katako: yana jin danshi yake sakewa.

A kicin, bayan wurin wanke-wanke, koren allo ya wadatar. Amma kar launin ya ruɗe ka, jure danshi yake yi, ba ya hana ruwa. A wurin shawa allon siminti ya fi. In kuma jibsam ɗin ne dole, a shafa maganin hana ruwa sau biyu, na farko ya bushe kafin na biyu, a bi kusurwoyi da bakin famfo da tef ɗinsa. Inda bango ya haɗu da ƙasa silikon ake sawa, ba farin siminti ba, don shi tsagewa yake.

Ka ɗauki hoton bangon kafin tayil na farko ya hau. Da an rufe, ba ka da sauran shaida.