Ba Yawan Kaya Kaɗai Ke Kayar da Jirgi Ba

Ranar 25 ga Agusta, 2001, wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 402 ya tashi daga Marsh Harbour a tsibiran Bahamas, bai yi nisa da filin ba ya rikito. Mutum tara da ke ciki, har da mawaƙiyar Amurka Aaliyah, duk suka rasu. Bincike ya gano lodin jirgin ya wuce ƙa'ida da kusan kilo 320, kuma nauyin ya rinjaya baya.

Abu biyu ke nan da matuƙi ke lissafawa kafin ya tayar da inji: yawan nauyi, da inda aka ajiye shi.

Ɗauki Cessna 172S, mai kujeru huɗu. Iyakar nauyin da zai tashi da shi kilo 1,157 ne. Shi kansa, ba komai a ciki, ya kai kusan kilo 760. In aka cika tanki da lita 200, mai ya cinye kilo 144. Abin da ya rage kusan kilo 250 ne, wanda bai isa manya huɗu da jakunkunansu ba. Dole a rage mai, ko a rage mutum.

Batun wurin ajiya kuwa, mai amalanke ya san shi: in buhuna suka taru bayan taya, gaba sai ya ɗaga. Jirgi ma yana da cibiyar nauyi, kuma kamfanin da ya ƙera shi ya kafa mata iyaka gaba da baya. Matuƙi yakan ninka nauyin kowane abu da nisansa daga wani layi da aka tsayar, ya tara, ya raba da jimillar nauyi. Shi ya sa jaka mai kilo 20 a ma'ajiyar baya ta fi karkata jirgi a kan irinta da ke kusa da fukafuki.

In cibiyar ta yi gaba da yawa, hancin jirgi yakan yi nauyi, ɗaga shi ya yi wuya a tashi da sauka. In ta yi baya, haɗarin ya fi: hanci ya miƙe sama, gudu ya ragu, fukafukai su kasa riƙe jirgin, matuƙi ya danna ya ƙi dannuwa.

Haka ta faru a Charlotte ta Amurka ranar 8 ga Janairu, 2003, inda Beechcraft 1900D ya hallaka mutum 21. An ƙiyasta nauyin fasinja da tsohon ma'auni alhali mutane sun ƙara jiki, ga kuskuren gyara a wayoyin jelar jirgin. Bayan nan hukumar jiragen saman Amurka ta ɗaga ma'aunin.

Don haka fasinjan ƙaramin jirgi da aka ce ya hau sikeli, ko ya koma wata kujera, kada ya ɗauka wulaƙanci ne. Kilo ɗinsa na cikin lissafin da zai kai kowa gida lafiya.