Tallafin ilimi ya iso Adamawa, saura 'yar ruga

A watan Satumba na 2023 Bankin Duniya ya amince da ƙarin dala miliyan 700 ga shirin AGILE, wanda aka faro a 2020 da dala miliyan 500 a jihohi bakwai. Wannan ƙarin ne ya shigo da Adamawa cikin shirin. Aikinsa gina makarantun sakandare da gyara su, samar da ruwa da banɗaki, da bai wa iyaye marasa ƙarfi ɗan abin hannu domin 'ya'yansu mata su zauna a aji.

Babu mai musun cewa Mubi na buƙatar haka. A ƙarshen Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka mamaye garin, aka rufe makarantu tun daga firamare har Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, jama'a suka watse zuwa Yola da Kamaru. An ƙwato garin a Nuwamba, amma gyara makaranta ya fi buɗe kasuwa ɗaukar lokaci, musamman a ƙauyukan Michika da Madagali.

Sai dai akwai yarinyar da shirin sakandare ba ya gani. Ita ce wadda ke shigowa Mubi da hantsi ɗauke da ƙwaryar nono, shanun gidansu kuma su ne ke raya babbar kasuwar shanun garin. Ba ta gama firamare ba, sau da yawa ma ba ta taɓa shiga ba. Safiyarta ta tatsa ce, hantsinta na talla. Rani na yi, iyali su ɗaga da dabbobi neman ruwa da ciyawa, makarantar bulo kuwa tana nan inda aka kafa ta. Idan ma ta samu aji, malamin da ba ya jin Fulatanci ba zai riƙe hankalinta ba. Uban da ya ga makaranta da nisa, ga fargabar masu garkuwa, ba ƙiyayyar boko ce ke sa shi hana ta ba. Tsoro ne, kuma yana da hujja.

Maganin ba baƙo ba ne, ɗan Adamawa ne ma ya assasa shi. A zamanin da Farfesa Jibril Aminu, mutumin Song, yake ministan ilimi aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa a 1989, da hedikwata a Kaduna. Tunanin shi ne makaranta ta bi makiyayi: aji na tafi-da-gidanka, lokacin karatu da ya dace da kiwo, darasi ta rediyo, da malami daga cikin al'ummar. Tsarin yana da kyau. Abin da ya raunana shi shi ne rashin malamin da zai zauna a ruga, albashinsa na isa gare shi a kan kari, kuma wannan nauyin jiha da ƙananan hukumomi ne, ba na baƙi ba.

A nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Kuɗin Bankin Duniya rance ne mai sauƙin ruwa, za a biya. Na kyautar kuwa ba shi da tabbas. Hukumar USAID ta Amurka, wadda ta ɗauki nauyin cibiyoyin karatun yaran gudun hijira a Adamawa bayan 2014, an rufe ta a 2025.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin Adamawa da shugabannin Mubi ta Arewa, Mubi ta Kudu da Maiha: a zauna da arɗo-arɗo da iyaye mata kafin a zaɓi wurin makaranta, a ɗauki 'yan matan Fulani da suka yi karatu a horar da su koyarwa, a kuma sa albashinsu cikin kasafin jiha tun tallafin bai ƙare ba.