Kifin Ado: Me Ya Sa Ake Killace Shi Kafin A Sayar?

Yawancin kifayen ado da ake gani cikin tankunan gilashi daga nesa suke zuwa. Singafo ta daɗe tana cikin na gaba-gaba a wannan kasuwa, ga kuma Tailan da Indunusiya. Cikin leda ake ɗauro su, ruwa kaɗan, sauran wurin iskar oksijin, su yi kwana ɗaya ko biyu a hanya.

Haɗarin farko yana wajen kwance ledar. A cikin tafiya, numfashin kifi yakan cika ruwan da iskar kabon har ya yi tsami, tsamin nan kuwa shi ke danne dafin amoniyar da kifin ke fitarwa. Da zarar an buɗe, iskar ta fice, tsami ya ragu, sai dafin ya taso. Shi ya sa masu sana'ar kan rage hasken ɗaki, su ɗora ledar a ɗaure bisa ruwan tanki na minti 15 zuwa 20 har ɗumin ya daidaita, sannan su kwashe kifin da raga nan take. Ruwan ledar zubarwa ake yi, kuma ba a ba kifin abinci a ranar.

Sai killacewa: tanki na daban, da ragarsa da bokitinsa, na tsawon mako 2 zuwa 4. Dalili kuwa, wahalar tafiya tana karya garkuwar jiki, cutar da ke kwance sai ta bayyana. Wadda ta fi yawa ita ce cutar fararen ɗigo. Magani ba ya taɓa ƙwayarta muddin tana cikin fatar kifi, sai ta hayayyafa 'ya'yanta sun bazu cikin ruwa, don haka jinya ke ɗaukar kwanaki. Akwai kuma cutar KHV da ta yi ɓarna a gonakin kifin Isra'ila a 1998. Kifin adon da ake kira koi na iya ɗauke da ita lafiya lau a ido, ba kuma ta da magani.

Mai shagon da ya tsallake wannan mataki don ya juya kuɗinsa da wuri, sauri ne zai haifa masa nawa, domin kifi ɗaya na iya kashe tanki guda. Kai kuma mai saye, tambayi yaushe kifin ya iso, ka nemi a ba shi abinci a gabanka. Wanda ya ƙi ci, ko yake goga jikinsa a dutse, bar wa mai shago kayansa.